Hadisin Salatut Tasbihi: wani malami ya ce ingantacce ne, wani ya ce ƙagagge ne, me zan faɗa wa Baba?

Abu Hafsa, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da ɗalibai na wannan zaure, ina ɗauke da wata damuwa da ta hana ni sukuni tun bayan ƙaramar salla, kuma ina roƙon wanda Allah Ya hore wa sanin ilimin hadisi ya taimaka mini da bayani dalla-dalla.

Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma tun da na buɗe ido na gan shi yana yin Salatut Tasbihi kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wanka ya tafi masallaci. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da sanyin Jos yake hana mutum taɓa ruwa, zai shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki inda rana take faɗowa, ya yi raka'a huɗun nan a tsanake, yana ƙirga tasbihi 75 a kowace raka'a har su cika 300. A cikin azumin da ya wuce ƙanena ya dawo daga wajen wani karatu ya ce malamin ya tabbatar musu cewa hadisin wannan salla ƙagagge ne, domin Ibnul Jauzi ya sanya shi a littafinsa na hadisan ƙarya. Bai tsaya nan ba, sai da ya faɗa wa Baba haka a gaban jikoki ana tsakiyar buɗa baki. Baba bai ce masa uffan ba, amma yau Juma'a uku ke nan buzun yana rataye a ƙusa da hantsi, kuma ni na san abin yana cinsa a rai.

Na shiga intanet da wayata don in samu abin da zan kwantar masa da hankali, sai na ƙara rikicewa. Na ga Shaikh Albani ya inganta hadisin, na ga Shaikh Bin Baz ya raunana shi, alhali dukansu biyu malamai ne da ƙanen nawa yake girmamawa. Ta yaya hadisi guda zai zama ingantacce a wurin wani masani, mai rauni a wurin wani, ƙagagge a wurin na uku? Shin babu ma'auni ɗaya ne da ake auna hadisi da shi? Kuma ni da ban wuce Arba'una Hadisi ba, me ya kamata in faɗa wa Baba?

Malam Haruna, Gangare

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Abu Hafsa, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, Ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka yanke hukunci.

Ma'aunin ɗaya ne, kuma duk wanda ya karanta ko da Baiƙuniyya, waƙar nan ta ilimin hadisi mai baiti 34, ya san shi. Ana kiran hadisi ingantacce idan isnadinsa, jerin mutanen da suka ruwaito shi, ya sadu, wato kowane maruwaici ya ji daga wanda yake samansa, kuma maruwaitan amintattu ne a addininsu, masu kyakkyawar hadda, sannan hadisin bai saɓa wa ruwayar waɗanda suka fi ƙarfi ba, kuma babu wata ɓoyayyiyar illa a cikinsa. Saɓani yana shigowa ne wajen ɗora wannan ma'auni a kan mutum takamaimai da isnadi takamaimai, kuma hadisin da ka tambaya yana cikin misalan da suka fi fito da wannan fili.

Mafi ƙarfin hanyoyinsa ita ce wadda Abu Dawuda da Ibnu Majah suka kawo daga Abdurrahman bin Bishr, daga Musa bin Abdul'aziz, daga Hakam bin Aban, daga Ikrima, daga Abdullahi bin Abbas, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya koya wa baffansa Abbas wannan salla, ya ce ya yi ta kullum idan zai iya, in ba haka ba kowace Juma'a, ko kowane wata, ko kowace shekara, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Kusan duk gardamar tana kan mutum ɗaya ne, Musa bin Abdul'aziz, wani mutumin Adan ta ƙasar Yaman. Yahya bin Ma'in da Nasa'i sun ce babu laifi a tare da shi. Ibnu Hibban ya ambace shi cikin amintattu amma ya ce wani lokaci yakan yi kuskure. Aliyu bin Madini, malamin Bukhari, ya raunana shi. Ibnul Jauzi kuwa, wanda ya rasu a shekara ta 597 bayan Hijira, ya ce ba a san shi ba, kuma wannan yana cikin abin da ya dogara da shi wajen sanya hadisin cikin ƙagaggu. A nan ne malaman da suka zo bayansa suka yi masa gyara, domin mutumin da Ibnu Ma'in da Nasa'i suka san shi har suka yi magana a kansa ba za a kira shi wanda ba a sani ba. Ibnul Jauzi babban malami ne, amma sananne ne a wurin masu wannan fanni cewa ya faɗaɗa a littafin nan nasa har ya shigar da hadisan da rauni kawai gare su, da ma wasu da suka fi haka, shi ya sa Suyuɗi ya bi littafin yana yi masa bita. Saboda haka kalmar da ƙanenka ya ɗauko ita ce mafi tsanani a cikin duk abin da aka faɗa, kuma mafi yawan masu bincike ba su tsaya a kanta ba.

Amma kuɓutar da hadisin daga sunan ƙage bai kai shi ga inganci kai tsaye ba. Wata tambaya ta rage, kuma ita ce mai wuyar. Ikrima yana da ɗalibai masu yawa, manya sanannu, to me ya sa salla mai irin wannan falala, wadda aka ce tana kankare zunubi na farko da na ƙarshe, na ɓoye da na bayyane, ba ta zo daga gare shi da sadadden isnadi abin dogaro ba sai ta wannan siririyar hanya? Ga shi kuma Ibrahim, ɗan shi Hakam bin Aban, ya ruwaito hadisin daga mahaifinsa daga Ikrima ba tare da ambaton Ibnu Abbas ba, ko da yake shi kansa Ibrahim mai rauni ne. Wannan ne ya sa Ibnu Khuzaima, da ya kawo hadisin a littafinsa, ya gindaya sharaɗin idan labarin ya inganta, ya kuma bayyana cewa zuciyarsa ba ta gama natsuwa da isnadin ba. Tirmizi ya kawo wata hanyar daga Abu Rafi'u, amma a cikinta akwai Musa bin Ubaida wanda rauninsa sananne ne, kuma shi Tirmizin ya ce ba wani abu mai yawa ne ya inganta ba a wannan babi. Uƙaili ya ce babu hadisin da ya tabbata a kai.

A ɗaya ɓangaren, akwai waɗanda suka dubi yawan hanyoyin, daga Ibnu Abbas da Abdullahi bin Amru da Abu Rafi'u da wasunsu, suka ga cewa waɗanda rauninsu bai yi tsanani ba suna ƙarfafa juna, kamar igiyoyi ƙanana da aka tufka wuri guda. Daraƙuɗni da Khaɗibul Bagdadi kowannensu ya ware ƙaramin littafi don tattara waɗannan hanyoyi, kuma a kan wannan turba Albani ya inganta shi a zamaninmu.

Abin da ya fi nuna maka nauyin matsalar shi ne Hafiz Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, yana da magana biyu a kai. A cikin Talkhisul Habir ya ce duk hanyoyin masu rauni ne, kuma ko da hadisin Ibnu Abbas ya kusa kai matsayin hasan, wato karɓaɓɓen hadisin da bai kai ingantacce ƙarfi ba, kaɗaitakar Musa da shi ta yi yawa, siffar sallar kuma ta saɓa wa sauran salloli. A wasu rubuce-rubucensa kuwa, bayan ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙarfafa shi ya mayar wa Ibnul Jauzi martani. Imam Nawawi ma haka, ya raunana shi a cikin Majmu'u, ya ce hasan ne a wani littafin. Idan mutum ɗaya mai wannan zurfi ya duba sau biyu ya fito da hukunci biyu, ka ga ke nan hadisin yana kan iyakar da ke tsakanin hasan da mai rauni, inda ɗan rinjaye kaɗan yake karkatar da sikeli.

Abu Usama, Rikkos

Allah Ya gafarta Malam, na ƙaru da wannan bayani, kuma na yarda cewa kiran hadisin ƙagagge kai tsaye a gaban dattijo, ba tare da an san abin da ke ƙarƙashin kalmar ba, kuskure ne da ya kamata ƙanen Malam Abu Hafsa ya nemi gafararsa. Amma ina ganin Malam ya karkata ga isnadi ya taƙaita magana a kan matani, wato lafazin hadisin kansa, alhali waɗanda suka ƙi hadisin ba Musa bin Abdul'aziz kaɗai suka duba ba.

Salla ibada ce da Sahabbai suka kiyaye siffarta fiye da komai, har suka ruwaito mana yadda Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, yake ɗaga hannu da yadda yake zama a tahiya. To ga salla mai tasbihi 15 bayan karatu, 10 a ruku'u, 10 bayan ɗagowa, 10 a kowace sujada, 10 tsakanin sujada biyu, sannan a zauna bayan sujada ta biyu a yi wasu 10 kafin a miƙe. Wannan dogon zama na ƙarshe ba shi da makamanci a wata salla. Da a ce Annabi ya koyar da ita, yaya za a yi ta ɓuya ga Imam Malik a Madina, ba ta cikin Muwaɗɗa, kuma Bukhari da Muslim ba su kawo ta a ingantattun littattafansu ba? Shaikhul Islam Ibnu Taimiyya ya yi nuni da cewa babu ɗaya daga cikin limaman mazhabobi huɗu da ya ce mustahabbi ce, kuma an ruwaito cewa da aka tambayi Imam Ahmad ya ce ba ta burge shi, babu abin da ya inganta a cikinta, har ya karkaɗe hannunsa kamar mai ƙyamar abin. Wannan ita ce hujjar da Bin Baz da Ibnu Usaimin suka tafi a kai.

Kuma ina jin tsoron ƙa'idar nan ta cewa hanyoyi masu rauni suna ƙarfafa juna idan aka sake mata linzami. Wani lokaci hanyoyi goma asalinsu kuskuren mutum ɗaya ne da wasu raunana suka kwasa suka canza masa isnadi, sai mai kallo daga nesa ya ga kamar shaidu goma ne. Haka nan masu cewa ana aiki da hadisi mai rauni a falalar ayyuka suna mantawa da sharuɗɗa uku da Ibnu Hajar ɗin nan ya gindaya: kada raunin ya yi tsanani, aikin ya kasance yana ƙarƙashin wani asali da ya tabbata, kuma mai aikin kada ya ƙudurce tabbatarsa daga Annabi. Salla mai sabuwar siffa ba falalar wani aiki sananne ba ce, ita kanta ce ake son tabbatarwa. Ni dai abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne Baba ya mayar da wannan lokaci ga sallar walaha, wadda babu mai jayayya da hadisanta.

Malama Ummu Khalil, Bukuru

Assalamu alaikum. Ni malamar Islamiyyar matan aure ce, kuma wannan matsala tana zuwa mini kusan kowane mako, domin ɗalibaina suna shigowa aji da saƙonnin WhatsApp, an rubuta hadisi an liƙa masa “sahihi” ko “ƙarya ne” a ƙasa, babu sunan wanda ya yanke hukuncin, babu littafin da aka ɗauko.

Abin da nake so in ƙara shi ne mu bambance kalmomin malamai. Idan masani ya ce hadisi bai inganta ba, bai ce an ƙaga shi ba, kuma idan ya ce wannan isnadin mai rauni ne, mai yiwuwa matanin ya tabbata ta wata hanyar. Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne abin da muka haddace tun muna yara a matsayin hadisi guda. “Ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne” ya zo ta hanyar Abu Atika, wanda Bukhari ya ce hadisinsa munkari ne, wato abin ƙi, kuma Ibnu Hibban ya ce maganar ba ta da asali. “Neman ilimi wajibi ne a kan kowane Musulmi” kuwa Ibnu Majah ya kawo shi, magabata da dama sun raunana isnadansa, amma Hafiz Mizzi ya ce yawan hanyoyinsa ya kai shi matsayin hasan. Ƙarin “da Musulma” da muke ji a wajen saukar karatu, Sakhawi ya bayyana cewa ba ya cikin ko ɗaya daga hanyoyin hadisin, ko da yake ma'anarsa daidai ce, tunda mace ta shiga cikin hukuncin tun farko. Ranar da na fara faɗa wa ajina haka, wata dattijuwa ta riƙe haɓa ta ce to ashe an cire mu ke nan, sai da na ɗauki lokaci ina nuna mata cewa lafazin da aka ƙara daban, hukuncin da ya hau kanta daban. Jimla uku a bakinmu kamar abu ɗaya, amma kowacce da matsayinta.

Malam Abu Hafsa, don Allah kada a bar Baba da tunanin cewa shekarun nan duka ya yi su ne a kan ƙarya.

Malam Haruna, Gangare

Malam Abu Usama, maganarka tana da nauyi, musamman gargaɗin da ka yi game da hanyoyin da suke komawa ga kuskure guda, domin wannan shi ne ainihin aikin ilimin gano ɓoyayyun illolin hadisi, kuma a nan ne irin su Abu Hatim da Daraƙuɗni suka yi wa kowa nisa. Sai dai akwai abu uku da zan ɗora a ɗaya gefen sikelin.

Bambancin siffa shi kaɗai ba ya rushe hadisi, domin sallar kisfewar rana tana da ruku'u biyu a kowace raka'a, sallar jana'iza kuma ba ta da ruku'u ko sujada, kuma duk mun karɓe su saboda isnadinsu ya tabbata. Saɓawar siffa tana zama hujja ne idan ta haɗu da isnadin da ba zai iya ɗaukar nauyinta ba, sai maganar ta sake komawa kan ko Musa da masu ƙarfafa shi sun isa ko ba su isa ba. Rashin hadisi a Bukhari da Muslim ma ba raunana shi ba ne, tunda su da kansu ba su ce sun tattare duk abin da ya inganta ba.

Game da Imam Ahmad, akwai wata ruwayar da ke cewa wani ɗalibinsa ya sanar da shi cewa Mustamir bin Rayyan ya ruwaito sallar daga Abul Jauza'i, daga Abdullahi bin Amru, sai Ahmad ya ce Mustamir dattijo ne amintacce, kamar abin ya burge shi, kuma Ibnu Hajar ya fahimci cewa wataƙila ya sassauto daga matsayinsa na farko. Gaskiya ne cewa ruwayar Mustamir tana tsayawa ne a kan Abdullahi bin Amru, ba ta kai ga Annabi ba, amma masu ingantawa suna cewa Sahabi ba zai ƙirƙiro siffar salla da ra'ayinsa ba. Sannan Abdullahi bin Mubarak, wanda ya rasu a 181, mutumin da ya ce isnadi yana daga cikin addini, Tirmizi ya kawo cewa yana ganin yin wannan salla har yana koyar da ita, ko da yake a siffarsa ana yin 15 kafin karatu da 10 bayansa, babu zaman nan na bayan sujada ta biyu. Ibnu Ƙudama kuma, bayan ya kawo maganar Ahmad a cikin Mugni, ya ce idan mutum ya yi ta babu laifi.

Ni a karan kaina na fi karkata ga cewa hadisin hasan ne saboda taruwar hanyoyinsa, amma ba na ganin wanda ya raunana shi ya kauce hanya, kuma ba na goyon bayan tara jama'a a yi ta a bayan liman a wani dare na musamman, domin ko a wurin masu inganta hadisin babu wannan a cikinsa. Wanda ba zai iya bin isnadi da kansa ba, abin da ke kansa shi ne ya bi masanin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ba ya riƙa tsince hukuncin da ya yi daidai da son ransa ba. Malam Abu Hafsa, ka faɗa wa Baba cewa abin da yake yi shi kaɗai a ƙofar ɗakinsa yana da magabata tun ƙarni na biyu bayan Hijira, idan ya ci gaba yana da malaman da ya jingina da su, idan kuma ya koma ga walaha kamar yadda Malam Abu Usama ya ba da shawara, ya koma ga abin da babu saɓani a kansa. Ƙanenka kuma ka zaunar da shi ku karanta wannan tare, sannan ya je ya durƙusa ya ba Baba haƙuri.

Abu Hafsa, Unguwar Rogo, Jos

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan sallar isha'i na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, har da na Malam Abu Usama ban tsallake ko layi ɗaya ba, ƙanena yana zaune a gefe kansa a sunkuye, kuma ya nemi gafara an yafe masa. Baba ya sa na maimaita masa wurin da aka ce Ibnu Hajar ya yi magana biyu, ya daɗe yana shiru, sannan ya ce zai ci gaba da yin ta ranar Juma'a, sauran ranaku kuma zai riƙa yin walaha. Ya ba ni saƙon tambaya ɗaya zuwa ga Malam Haruna: yanzu da shekaru suka ja, wani lokaci yakan yi rafkanuwa a cikinta, to idan ya zo yin sujadar ƙabli ko ba'adi, zai yi tasbihi goma-goma a cikinsu ne?

Malam Haruna, Gangare

Ka gaishe mini da Baba da kyau. An yi wa Abdullahi bin Mubarak wannan tambaya ita kanta, kamar yadda Tirmizi ya kawo, sai ya ce a'a, domin tasbihin sallar 300 ne kawai. Saboda haka ya yi sujadar rafkanuwa da tasbihin da aka saba yi a kowace sujada, ba tare da ƙarin goman ba.